FASHIN BAƘI: Yaushe kuɗin zai dawo? Yadda ake hasashen shige da ficen kuɗi a asusun keɓaɓɓen jari, da abin da ya shafi kuɗin fansho

A watan Mayun 2024, Ministan Kuɗi Wale Edun ya bayyana cewa gwamnatin tarayya na duba hanyar da za a yi amfani da wani ɓangare na kuɗaɗen fansho, waɗanda a lokacin suka kai kimanin naira tiriliyan 20, wajen gina ababen more rayuwa. Ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan adawa suka yi ca a kansa, har sai da ministan ya fito ya yi bayanin cewa gwamnati ba ta da niyyar taɓa kuɗin ma'aikata ba bisa ƙa'ida ba.

Muhawarar ta tsaya a kan tambaya ɗaya: shin za a cinye kuɗin ko ba za a cinye ba? Akwai wata tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ke hana masu kula da manyan asusu barci a duk faɗin duniya. Idan an kulle kuɗin jama'a cikin jarin da ba ya sayuwa nan take, wace rana za a nemi a biya, kuma wace rana kuɗin zai dawo?

Babu inda tambayar ta fi tsauri kamar a asusun keɓaɓɓen jari, wato asusun da ke tara kuɗi daga manyan cibiyoyi ya sayi kamfanonin da ba sa cikin kasuwar hannun jari, ya riƙe su na shekaru, sannan ya sayar. Asusun gina ababen more rayuwa ma a kan irin wannan tsari yake tafiya. Wannan bayani ya duba yadda ake hasashen shige da ficen kuɗi a irin wannan asusu, inda hasashen ke karyewa, da abin da ya kamata mai ajiyar fansho ya tambaya.

Adashen da ba a san ranar zubi ba

A adashe, kowa ya san ranar zubi, ya san adadin da zai zuba, ya kuma san ranar da kwasa za ta zagayo kansa. Asusun keɓaɓɓen jari ya yi kama da adashe ta fuskar cewa mutane da yawa ne ke haɗa kuɗi, amma an cire masa waɗannan abubuwa uku.

Ɓangarori biyu ne a ciki. Akwai masu kuɗi, waɗanda galibi asusun fansho ne, da kamfanonin inshora, da asusun jami'o'i, da bankunan raya ƙasashe. Akwai kuma manajan asusu, wanda shi ne ke zaɓar kamfanonin da za a saya da lokacin da za a sayar. Wanda ya san mudaraba a fiƙihun ciniki zai gane siffar: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo ƙwarewa. Bambancin shi ne a nan manajan yana karɓar ladan kula da asusu ko an ci riba ko ba a ci ba. A al'adar wannan harka ladan yakan kai kusan kashi 2 cikin 100 a shekara, sannan ya ɗauki kashi 20 na ribar bayan masu kuɗi sun fara samun abin da aka yi yarjejeniya a kai, wanda yawanci kashi 8 ne a shekara.

Mai kuɗi ba ya miƙa dukiyarsa a ranar da ya sa hannu. Alkawari yake ɗauka cewa zai bayar da adadi kaza duk lokacin da aka nema. Idan manajan ya samo kamfanin da zai saya, sai ya aiko da takardar kiran zubi, yawanci da wa'adin kimanin kwanakin aiki goma. Haka za a riƙa yi cikin shekaru biyar na farko ko makamancin haka. Asusun kan yi shekara goma, kuma ana iya ƙara masa shekara ɗaya ko biyu. Kuɗi yana dawowa ne idan an sayar da kamfani, ko an kai shi kasuwar hannun jari, ko ya raba riba.

Alkawari kaya ne, kuma a nan kayan na da nauyi. Yarjejeniyoyin irin wannan asusu kan tanadi hukunci mai tsanani ga wanda ya kasa amsa kiran zubi: ana iya ɗora masa ruwa, ko a tilasta masa sayar da rabonsa da araha, ko ya yi asarar wani ɓangare na abin da ya riga ya zuba.

Harkar ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Kamfanin katifa na Mouka ya shiga hannun asusun Actis a 2007, ya koma hannun Abraaj a 2015, daga baya kamfanin Dolidol na Maroko ya saye shi. A Kano, asusun FAFIN, wanda gwamnatin tarayya da bankin KfW na Jamus da Hukumar Zuba Jarin Ƙasa ta NSIA suka assasa domin harkar noma, ya zuba jari a kamfanin madara na L&Z a 2015. Kowane ciniki irin wannan yana da kiran zubi a farkonsa da kwasa a ƙarshensa, kuma shekaru ne tsakanin su biyun.

Dalilin da ya sa hasashen ya zama tilas

Mai kula da asusun fansho da ya ɗauki irin wannan alkawari yana tsakanin haɗari biyu. Idan ya ajiye dukkan kuɗin alkawarin a gefe yana jiran kira, kuɗin zai zauna bai samar da abin da ake fata ba, hauhawar farashi kuma tana cin sa. Idan ya juya kuɗin a wani wuri, kira na iya zuwa a ranar da kasuwa ta faɗi, ya zama dole ya sayar da kadarorinsa masu kyau a farashin asara domin ya cika alkawari.

Saboda haka yana buƙatar amsar tambayoyi uku game da kowace shekara mai zuwa: nawa za a nema daga gare shi, nawa za a dawo masa da shi, kuma nawa ne ƙimar abin da ya rage a cikin asusun. Idan aka zana jimillar abin da ya fita da abin da ya shigo, layin kan fara gangarawa ƙasa na 'yan shekaru, ya kai wani zurfi, sannan ya lanƙwaso ya haura sama. Masana harkar suna kamanta siffar da harafin J. Aikin hasashe shi ne a ƙiyasta zurfin ramin da kuma shekarar da za a fito daga cikinsa.

Lissafin da ya fito daga Jami'ar Yale

Hanyar da aka fi amfani da ita ta samo asali ne daga ofishin zuba jari na Jami'ar Yale a Amurka. A ƙarƙashin David Swensen, wanda ya jagoranci ofishin daga 1985 har rasuwarsa a 2021, jami'ar ta karkatar da kaso mai yawa na dukiyarta zuwa irin wannan jari, sai ta wayi gari tana buƙatar sanin abin da zai fita da abin da zai shigo. Ma'aikatan ofishin biyu, Dean Takahashi da Seth Alexander, suka tsara wani lissafi a 2001, aka buga shi a mujallar Journal of Portfolio Management a 2002.

Ƙarfin lissafin yana cikin sauƙinsa. Abubuwa shida kawai ake ba shi: adadin alkawari, tsawon rayuwar asusun, kason da ake kira kowace shekara daga abin da ya rage na alkawarin, yawan bunƙasar jarin a shekara, mafi ƙarancin ribar da kadarorin ke rabawa, da wani adadi da ke nuna ko kwasa za ta zo da wuri ko za ta taru a ƙarshe. Wannan na ƙarshe sun ba shi sunan baka, irin wanda ake harbi da shi, domin shi ke nuna yadda layin kwasa zai lanƙwasa.

Misali zai fayyace shi. Alƙaluman da ke tafe an ƙirƙire su ne don bayani, ba na wani asusu ba ne. A ce wani kamfanin kula da fansho ya yi alkawarin naira biliyan 10 ga asusun da zai yi shekara goma. A ce za a kira kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar farko, kashi ɗaya cikin uku na ragowar a shekara ta biyu, sannan rabin ragowar a kowace shekara bayan nan. Zubin zai kasance naira biliyan 2.5 a kowace ɗaya daga shekaru ukun farko, biliyan 1.25 a ta huɗu, miliyan 625 a ta biyar, yana ta raguwa da rabi.

A ce jarin yana bunƙasa da kashi 20 cikin 100 a shekara, kuma lanƙwasar baka 2 ce. Ma'anar wannan ita ce a raba shekarun asusun da tsawon rayuwarsa, sannan a ninka sakamakon da kansa. A shekara ta biyu za a raba kashi 4 na ƙimar asusun, a ta uku kashi 9, a ta biyar kashi 25, a ta bakwai kashi 49, a ta goma a raba duk abin da ya rage.

Idan aka bi lissafin, kwasa za ta fara da naira miliyan 120 a shekara ta biyu, ta kai kimanin biliyan 1.6 a ta huɗu, biliyan 2.9 a ta biyar, biliyan 4 a ta shida, ta kai ƙololuwa da biliyan 4.4 a ta bakwai, sannan ta riƙa sauka. Jimillar abin da zai dawo kusan naira biliyan 20 ne, ninkin abin da aka zuba.

Abubuwa biyu ne suka fi muhimmanci a wannan sakamako. Na farko, sai a shekara ta bakwai mai kuɗi zai mayar da uwar kuɗinsa. Na biyu, ramin ya fi zurfi a ƙarshen shekara ta uku, inda abin da ya fita ya zarce abin da ya shigo da kimanin naira biliyan 6.8. Ko da yake alkawarin biliyan 10 ne, babu ranar da fiye da biliyan 6.8 ya bar aljihunsa, domin kwasar farko tana biyan zubin ƙarshe.

Daga nan wata dabara ta samo asali. Tun da ba a taɓa riƙe dukkan kuɗin alkawari a lokaci guda, cibiyoyi da yawa kan yi alkawarin da ya zarce abin da suka ware, su kuma shiga sabon asusu kowace shekara, da nufin kwasar tsofaffin asusu ta riƙa biyan zubin sababbi. Muddin kasuwa na tafiya daidai, tsarin yana ciyar da kansa.

Inda lissafin ke karyewa

Lissafin Yale ba duba ba ne. Duk abin da aka ba shi, shi zai mayar. Wanda ya rubuta bunƙasar kashi 20 a farko, ribar kashi 20 zai gani a ƙarshe. Layi ɗaya kawai yake zanawa, mai santsi, alhali cinikin kamfanoni yana zuwa ne a dunƙule: shekara biyu shiru, sai wata rana a sayar da babban kamfani guda. Shi ya sa ya fi dacewa da mai asusu da yawa fiye da mai guda biyu ko uku.

Babban rauninsa yana bayyana ne a lokacin rikici. A koma misalin da ya gabata, a ce kasuwa ta tsaya cik a shekara ta huɗu da ta biyar, ba a sayar da kamfani ko ɗaya ba, amma kiran zubi bai tsaya ba. Hasashe ya nuna cewa a ƙarshen shekara ta biyar ramin zai ragu zuwa kimanin biliyan 4.2. Maimakon haka sai ya zurfafa zuwa kusan biliyan 8.7. Giɓin biliyan 4.5 ke nan da sai an nemo daga wani wuri. Wanda ya yi alkawari fiye da ƙarfinsa yana dogaro da kwasa, a nan asirinsa ke tonuwa.

Hakan ya faru da Jami'ar Harvard. A tsakiyar 2008 dukiyar asusunta ta kai dala biliyan 36.9, kuma tana ɗauke da alkawuran da ba a kira ba na kimanin dala biliyan 11. Da rikicin kuɗi na duniya ya ɓarke, asusun ya yi asarar kashi 27.3 cikin 100 a shekara guda, kwasa ta ƙafe, ga shi kuma jami'ar na dogaro da asusun wajen biyan kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gudanarwarta. Ta nemi masu sayen wani ɓangare na rabonta a asusun keɓaɓɓen jari a lokacin da farashi ya karye, kuma a watan Disambar 2008 ta ciyo bashin dala biliyan 2.5 ta hanyar takardun lamuni. Jami'ar da ta fi kowace arziki a duniya ta rasa kuɗin hannu.

Tarihi ya so maimaita kansa bayan 2022. Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a watan Maris na 2022 zuwa sama da kashi 5 a watan Yulin 2023. Da yake galibin cinikin kamfanoni da bashi ake yinsa, masu saye suka ja baya, masu sayarwa kuma suka ƙi rage farashi. Rahoton shekara-shekara na kamfanin Bain na 2025 ya ƙiyasta cewa asusun irin wannan na riƙe da kamfanoni kusan 29,000 da ba a sayar ba, waɗanda ƙimarsu ta kai dala tiriliyan 3.6, kuma abin da aka raba wa masu kuɗi a 2024 bai wuce kashi 11 cikin 100 na ƙimar asusun ba, mafi ƙaranci cikin fiye da shekara goma. A watan Afrilun 2025, ita kanta Yale, inda aka haifi lissafin, ta tabbatar cewa tana duba yiwuwar sayar da wani ɓangare na irin wannan jari nata.

Saboda irin wannan ne masu kula da manyan asusu suke ƙara wasu hanyoyi a kan lissafin. Wasu na ɗauko tarihin ɗaruruwan asusun da suka gabata su ga yadda kuɗi ya shiga ya fita a zahiri. Wasu na sa kwamfuta ta gwada dubban yanayi daban-daban, ta fitar da mafi kyau da mafi muni. Wasu kuma na bin kamfanonin ɗaya bayan ɗaya suna ƙiyasta ranar sayar da kowanne. Hanyar tarihi tana buƙatar bayanai masu yawa, abin da kasuwannin Afirka ba su tara ba tukuna kamar na Amurka da Turai.

Ƙwai a baka da kaza a akurki

Hasashe yana farawa ne daga ƙimar da aka ce asusun yana da ita a yau, kuma manajan ne ke faɗin wannan ƙima. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari yana da farashin da kowa ke gani kullum. Kamfanin da ke hannun asusun keɓaɓɓen jari ba shi da shi. Ana ƙiyasta darajarsa ne duk wata uku, kuma mai ƙiyasin yana da muradin ganin alƙaluman sun yi kyau, musamman idan yana neman kuɗin buɗe sabon asusu. Idan ƙimar farko ta kumbura, duk kwasar da aka yi hasashe a kanta ta kumbura.

Akwai kuma dabarar bashin wucin gadi. Manajoji da yawa kan ranto kuɗi daga banki su sayi kamfani, su jinkirta kiran zubi da watanni. Wannan yana rage yawan takardun kira, amma yana kuma ƙawata alƙaluman riba, domin ana lissafin ribar shekara ne daga ranar da kuɗin mai jari ya fita. A ce an zuba naira 100 aka samu 150 bayan shekara uku. Ribar shekara ta kama kimanin kashi 14.5. Idan aka riƙe shekarar farko da bashin banki, aka biya ruwan naira 6, mai jari zai samu 144 a kan 100 cikin shekara biyu, ribar shekara ta zama kashi 20. A takarda riba ta ƙaru, a aljihu kuwa ta ragu da naira 6. Ƙari a kan haka, kiran da aka jinkirta yana taruwa, kuma idan bankuna suka nemi kuɗinsu a lokacin rikici, yana iya zuwa gaba ɗaya.

Shi ya sa masu kuɗi suka koma tambayar abu ɗaya: cikin kowace naira da aka zuba, nawa ta dawo hannu? Ƙimar da ke kan takarda kaza ce a akurki. Abin da aka riga aka raba shi ne ƙwai a baka.

Wani lokaci matsalar ta wuce kumbura ƙima. Kamfanin Abraaj na Dubai, wanda ya taɓa riƙe Mouka, ya kai ga kula da kadarorin kusan dala biliyan 14. A farkon 2018 aka samu labarin cewa wasu masu jari a asusunsa na kiwon lafiya mai dala biliyan 1, ciki har da Gidauniyar Bill da Melinda Gates da hukumar IFC ta Bankin Duniya, sun ɗauki masu binciken kuɗi saboda kuɗin da aka kira domin gina asibitoci bai isa inda aka ce za shi ba. Cikin 'yan watanni kamfanin ya durƙushe. A watan Yulin 2019 hukumar kula da harkokin kuɗi ta Dubai ta ci tarar kamfanonin Abraaj biyu kimanin dala miliyan 315. Wanda ya kafa shi, Arif Naqvi, an kama shi a Landan a 2019 bisa buƙatar Amurka, kuma ya musanta zarge-zargen da ake yi masa. Abin lura shi ne yadda aka gano lamarin: masu jari sun kwatanta abin da aka kira da abin da aka kashe, suka ga ba su daidaita ba. Bin sawun shige da ficen kuɗi hanyar tsara gaba ce, kuma hanyar kama ɓarna ce.

Naira ta ƙara wani nauyi

Lissafin Yale an gina shi ne don mai zuba dala ya kwashi dala. Da yawa daga manyan asusun da ke aiki a Afirka da dala suke karɓar alkawari, amma kamfanonin da suke saye da kuɗin gida suke ciniki.

Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Cibiyar da ke da ragowar alkawarin dala miliyan 5 ta kwana da sanin cewa naira biliyan 2.3 za ta nema, sai ga shi nauyin ya koma biliyan 7.5 ba tare da ta sa hannu a wata sabuwar takarda ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kamfanin da darajarsa ta ninka a naira cikin wannan lokaci ya yi asarar kusan kashi 40 cikin 100 idan aka auna da dala. Manajan da ya ga haka ba zai yi gaggawar sayarwa ba, kuma duk jinkirin da ya yi, kwasa ce ta ƙara nisa.

Ga wanda asusunsa na naira ne, ƙalubalen hauhawar farashi ne. A watan Disambar 2024 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar kashi 34.8 cikin 100, kuma takardun lamunin gwamnati na gajeren zango sun biya sama da kashi 20 a wannan shekara. Bunƙasar kashi 20 da aka yi misali da ita a sama, wadda za ta burge mai jari a Amurka, ba ta ko kamo hauhawar farashi ba a irin wannan shekara. Hanyar fita ma ƙunci gare ta: sababbin kamfanonin da ke shiga kasuwar hannun jari ta Legas ba su da yawa, don haka galibin ciniki yana jiran wani babban kamfani ko wani asusun ya zo ya saya.

Inda kuɗin ma'aikaci ya shigo

Tsarin fanshon haɗaka ya fara ne da dokar 2004, aka sake fasalinsa a 2014, inda ma'aikaci ke zuba aƙalla kashi 8 na albashinsa, mai aiki kuma kashi 10. Zuwa ƙarshen 2024 dukiyar da ta taru ta haura naira tiriliyan 22, kuma mafi yawanta na cikin takardun bashin gwamnatin tarayya.

A tsarin rukuni-rukuni da Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta fara aiki da shi a watan Yulin 2018, a wancan lokaci an yarda Rukuni na Ɗaya ya saka har kashi 10 cikin 100 a keɓaɓɓen jari, Rukuni na Biyu kashi 5, aka kuma hana rukunin waɗanda suka kai shekara 50 da na waɗanda suka yi ritaya. Rukuni na Biyu shi ne inda ake ajiye duk wanda bai kai 50 ba idan bai zaɓi wani ba. Ma'ana, kuɗin matasa ne ke fuskantar wannan jari. A aikace abin da aka saka zuwa ƙarshen 2024 bai kai kashi ɗaya cikin 100 na dukiyar fanshon ba.

Wannan ƙarancin yana nufin cewa haɗarin da ya sami Harvard ba ya bakin ƙofar fanshon Najeriya a yau. Asusun fansho na matasa ma yana da wata garkuwa da jami'a ba ta da ita: gudummawa na shigowa kowane wata, kuma masu ita ba za su buƙaci kuɗinsu ba sai bayan shekaru. Akwai hujja mai ƙarfi ga masu cewa a rage ba gwamnati rance, a tura kuɗin zuwa masana'antu da gonaki inda za su samar da ayyukan yi. Sai dai garkuwar tana da kafofi. Wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba yana da damar cire kashi 25 na ajiyarsa. Tun 2022 ana iya amfani da kashi 25 wajen biyan kason farko na bashin gida. Tun watan Nuwamban 2020 kuma mai ajiya na iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara. Lokacin da tattalin arziki ya tsuke shi ne lokacin da korar ma'aikata ke yawaita, masu aiki ke jinkirta tura gudummawa, kuma shi ne lokacin da kwasa ke tsayawa.

Tambayoyin da suka cancanci amsa

Duk lokacin da aka sake taso da batun ƙara tura kuɗin fansho zuwa jarin dogon zango, akwai tambayoyi biyar da mai ajiya, da ɗan majalisa, da shugaban ƙwadago za su iya yi wa kamfanonin fansho da hukumar da ke sa musu ido.

Na ɗaya, nawa ne jimillar alkawuran da aka ɗauka waɗanda ba a kira ba tukuna? Abin da aka riga aka zuba rabin labari ne kawai.

Na biyu, nawa daga cikin alkawuran ne na dala, kuma da wane farashin canji aka yi lissafinsu?

Na uku, cikin kowace naira da aka zuba a asusun da ya haura shekara bakwai, nawa ta dawo a matsayin tsabar kuɗi?

Na huɗu, idan aka kwatanta hasashen da aka yi shekara uku da suka wuce da abin da ya faru, ina aka dace, ina aka kuskure?

Na biyar, idan kwasa ta tsaya na shekara biyu, naira ta sake faɗuwa, kiran zubi kuma ya zo a tare, wace kadara za a sayar a biya, kuma a wane farashi?

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar tona sirrin ciniki, domin jimilla ake nema, ba sunayen kamfanoni ba. Kamfanin fansho da ya yi aikinsa yadda ya kamata yana da amsoshin a ajiye tun kafin ya sa hannu a kan alkawarin farko. Wanda ya gaza kawo su ya ɗauki nauyi da kuɗin ma'aikata bai san ranar da za a nemi ya sauke shi ba.